Katin da Ya Cinye Rabin Gonarmu

Yayana ne kaɗai ya rage wanda ya san iyakar gonar kakanmu a bayan Matankari. Da ciwo ya fara cinsa, na ɗora shi a amalanke muka zaga iyakar, yana faɗi ina ɗaukar muryarsa a salula. Kwana uku muka yi. Kullum sai wani rubutun Faransanci ya fito a fuskar salular. Aji huɗu na yi a lakwal, wato makarantar boko, kalmar kuskure kawai na gane, sai in danna ya tafi.

Ranar kasuwar Dogon Dutsi na nuna wa mai gyaran salula. Ya zare katin ajiya, ya sa a na'urarsa, ya girgiza kai.

Ya ce, "Baba, katin nan ya gaji. Cikinsa ɗaki-ɗaki ne kamar rumbuna. In ɗaki ya ruɓe, kati yakan sa masa alama ya zuba a wani. Naka masu kyan sun ƙare. Sayi sabo, ka koma ka sake ɗaukar tsohon tun yana da rai."

Na ce, "Kai dai kati kake son sayarwa."

"Wallahi ko wajen wani ka saya."

"Tun ba a haifi ubanka ba nake adana hatsi."

"To Baba, wannan gero ne?"

Masu zaman rumfar suka kwashe da dariya. Dariyar nan ce ta sa na fizge salulata. A hanya na kunna, na ji muryar yayana ta fito, na ce ai ga ta. Ban saurara har ƙarshe ba.

Bayan girbi ya rasu. Da damina ta kusa, maƙwabcinmu ya yi sharar gona har ya wuce itacen gawon da ke tsakiyar gonarmu. Muka je gaban mai gari, na ɗaga salula ina taƙama. Muryar yayana ta ce, "Daga wannan gawo sai ka nufi…" Shiru. Muryoyin da na ɗauka a kwana na biyu da na uku kuwa, sunayensu na nan a jere, ciki ba komai. Mai gari ya ce iyaka ta tsaya inda shaida ya tsaya.

Na daɗe ina zagin wanda ya ƙera abin da zai nuna maka suna alhali bai riƙe amana ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Amma ƙarya nake in na ce katin bai faɗa mini ba. Sau uku ya faɗa da rubutun nan na Faransanci, mai gyaran ma ya fassara mini, na zaɓi girmana.

Abin da ke bayan gawon rabon matar yayana ne da ƴaƴanta mata. Bana a gonar aro ta shuka. Kullum da safe takan leƙo ta ce, "Malam, an tashi lafiya?" Ba ta taɓa ta da maganar ba. Da zagina ta yi, da na fi samun bakin amsawa.