Gangar da Baba Ya Shinshina

Shekarar da na gama sakandare babu mai kiɗa a unguwarmu ta Maisandari. Ana ɗaura aure a masallaci, a raba goro da dabino, kowa ya kama gabansa kafin dokar hana fita ta rutsa da shi a hanya. Ni kuwa a shekarar na ce wa Baba ba zan shiga kowace makaranta ba sai wadda ake rawa a cikinta. Karatun malanta nake so, amma ba zan ajiye rawa ba. A wajen kakata na koye ta, irin tamu ta Shuwa, wadda kafaɗa da wuya ke yin aikin, ƙafa tana bi a hankali.

Baba dillalin dabbobi ne. Iyayensa makiyaya ne, shi ya zauna a gari, amma hannunsa bai manta ba. Bai taɓa kallon rawata ba, bai kuma taɓa hana ni ba. In an ɗauko zancen sai ya tuna bai ba tumaki ruwa ba. A lokacin kasuwa ta mutu, shanu sun daina shigowa daga daji, ga dangin Iya da suka gudo daga ƙauye sun cika mana zaure. Dabbobin gidan ya sayar da su ɗaya bayan ɗaya, saura tumaki biyu da wata jar akuya mai farin gefe da ya ƙi rabuwa da ita. Na san halin da ake ciki sarai, sanin dai bai rage mini taurin kai ba.

Makarantu uku na kawo. Ta farko jami'a ce a wata jiha, Iya ta kashe maganarta tun kafin in rufe baki.

"Hanyar nan da ake tare mutane? Sai dai bayan raina."

Saura biyu a cikin gari. Ɗaya sabuwa ce, ta kuɗi, tana da takarda mai sheƙi da hoton 'yan mata cikin lafaya suna rawa. Na nannaɗe takardar nan na buɗe har ta fara yagewa. Kuɗin shekararta ya kai na bijimi. Ɗayar tsohuwar kwalejin horar da malamai ce, ba takarda ba hoto, wata maƙwabciyarmu ce kawai ta ce ta ji suna da ƙungiyar rawa. Kuɗinta bai wuce na rago ba.

An yanke layin waya a lokacin, ba wanda za a kira a tambaya. Baba ya juya takardar mai sheƙi gaba da baya, ya miƙo mini.

"Ni ban taɓa sayen dabba a hoto ba. Ɗauko mayafinki."

Muka hau keke mai ƙafa uku. A kowane shingen sojoji sai mu sauka, mu wuce a ƙafa da hannuwa a sama, mu sake hawa. A makarantar kuɗin aka zaunar da mu a ofis mai sanyi, aka kawo mana ruwa. Jami'in ya yi ta bayanin darussa, Baba yana gyaɗa kai. Da ya gama, Baba ya ce a nuna masa kayan kiɗan. Sai da aka daɗe ana neman makulli. Ganguna na jere a ɗakin, sun sha fenti, gwanin kyau. Baba ko kallon fentin bai yi ba. Ya shafa fatar da tafin hannu, ya danna da babban yatsa, sannan ya sunkuya ya shinshina, kamar yadda yake yi wa rago a kasuwa. Kunya ta kama ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A kwalejin kuwa bango duk ya ɓare, rabin ajujuwan 'yan gudun hijira ne a ciki, ga shanya ko'ina. Wata malama gajera, da alli a gefen zaninta, ta kai mu wani ɗan sito. Na leƙa na ga ganguna uku, ɗaya ma a fashe. Na ƙi shiga, na tsaya a rana ina cin magani. Baba ya daɗe a ciki shi da malamar.

A keke ya ce, "Nan za ki shiga."

"Saboda araha ko, Baba?"

Ya mai da kallonsa titi. Na yi kuka har gida, kwana uku kuma gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. A rana ta huɗu ya kira ni yana zuba wa tumaki harawa.

"Araha ma dalili ne, ba zan ɓoye miki ba," in ji shi. "Amma fatar can ta bushe, fara fat, ba tabon hannu ko ɗaya. Tun da aka ɗaura ta ba wanda ya buga. Ta kwalejin nan tsakiyarta ta yi baƙi, ta yi santsi, tana warin gumi. Ba a fi kwana biyu da buga ta ba. Rawa kika ce kina so, ko hoto?"

Ban yarda ba. Na ce a raina bakin dillali ne, ya rasa kuɗin bijimi shi ne yake yi wa rago kirari. Na cika takardu ina ƙunƙuni. A cikin makonnin ne ya yanka jar akuyar, ya ce ta tsufa. Muka ci nama da baƙin Iya, ban ko tambayi dalili ba, don fushina bai huce ba.

Larabar farko a kwaleji, da hantsi, malamar nan ta tara mu, mu goma sha wani abu, a wani aji na can baya. Ta sa aka rufe tagogi don kada ƙarar ta firgita mutane, su ɗauka wani abu ne. Wani tsoho daga cikin 'yan gudun hijirar ya shigo da almajiran kiɗansa biyu, dattawa su ma. Ashe makaɗin garinsu ne, duk Laraba shi ke buga musu. Aka fito da gangunan, duka ukun. Wadda na gani a fashe an ɗaura mata sabuwar fata. A bakin da'irar, inda aska ba ta kai ba, akwai sauran gashi, ja da ɗan fari a gefe.

Na tsaya ina kallon gashin nan har malamar ta taɓa ni.

"Babanki ne ya kawo. Ya ce kada a faɗa miki, to ga shi kin gane da kanki. Shiga layi."

Na shiga layi. Rabona da jin ganga ya fi shekara biyu, kafaɗata ta amsa tun kafin in shirya. Ina rawa ina hawaye, ba wanda ya ce mini komai, don ba ni kaɗai ba ce.

Shekara uku na yi a kwalejin, na fito da takardar malanta. Baba bai zo kallo ba ko sau ɗaya, ni ma ban taɓa ce masa na gane akuyar ba. Amma duk Laraba in na dawo, yana tsakar gida wajen tumakinsa, ba ya ɗago kai yake tambaya.

"Fatar ta riƙe?"

"Ta riƙe, Baba."