Mangwaro Bakwai a Gonar Ubana

Shekaruna tamanin da huɗu, abin da zan faɗa kuwa ya haura shekara hamsin da aukuwa, amma har yau ban manta da shi ba. A zamanin ni magidanci ne a wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi, ɗan gidan da ake zuwa rancen hatsi, ba gidan da ke fita nema ba. Wannan tutiya ita ta ci ni.

Shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, fari ya ƙone gyaɗa. Ni kuwa tun farkon damina na karɓi kuɗi hannun wani mai awon gyaɗa a kasuwar Gaya, bisa alkawarin in biya shi da buhuna in kaka ta yi. Kaka ta zo, ko buhu guda ban ɗaure ba. Ba mafita na rasa ba. Ƙanena ya ce in sayar da san noma, na ce ba za a ga ɗan gidanmu yana jan sa zuwa kara ba. Limaminmu ya ce mu je gaban dagaci a yanka mini abin da zan riƙa biya kowace kaka, na ce ba na zama a fada ana ƙidaya talaucina. Tsarana suka tafi cin rani, na ce dako ba aikina ba ne.

Sai na tafi wurin mutumin ni kaɗai, na jinginar masa da fadamar da na gada, ba shaida, ba takarda. Ya riƙe hannuna yana kirana ɗan dattijo, wai tsakanin manya baki ya isa, kiran shaida aikin ƙananan mutane ne. Azzalumi! Ya san inda ke mini ƙaiƙayi, nan ya sosa. Mutanen gari kuwa na ce musu aro na ba shi don alheri.

Kowa a ƙasarmu ya san mai riƙon jingina noma kaɗai yake yi, ba ya dasa itace, domin dashe alamar mallaka ce. Damina ta biyu na tarar ya dasa mangwaro bakwai a tsakiyar gonar. Na tsaya na dube su, na wuce, domin in na ɗaga murya ƙaryata za ta tonu.

Bayan shekara huɗu na haɗa kuɗinsa cif na kai masa. Ya dube ni a gaban sikelinsa ya yi dariya, ya tambaye ni ko mangwaro na zo saye, wai in yi haƙuri bai nuna ba. Ya ce gona tasa ce, saye ya yi. Na kai shi ƙara, alƙali ya nemi shaiduna, babu. Ya tambaye ni ko na ga dashen, na ce na gani. Ya ce to me ya hana ni magana, sannan ya ba abokin shari'ata rantsuwa. Mutumin ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani, gona ta tafi.

Ya rasu tuntuni, ban je jana'izarsa ba, ban kuma yafe ba. Amma shi baƙin hali ya zo da shi, ƙofa ni na buɗe masa. Wanda bashi ya sha wa kai, ya sayar da abin da ke sayuwa, ya nemi a sassauta masa biya a gaban manya, kada ya taɓa ƙasar gado a ɓoye. Mai cewa kada a kira shaida, ya riga ya shirya rantsuwarsa.

Wanda ke shakka ya je Kademi, inda ƙanena yake zaune. Yana nan da ransa, a gabansa aka dafa Littafin.