Zoben Kuwabara a Faranti

A ƙofar masana'antarmu da ke garin Higashi-Osaka akwai wani tsohon farantin tangaran mai tsagaggen baki. Duk wanda zai shiga wurin injin sai ya tuɓe zobe da agogo da makullai ya zuba a ciki. Shekara talatin da huɗu ina ganin zoben auren Kuwabara Shigeo yana riga na kowa shiga farantin nan, don kullum shi ke buɗe ƙofa.

Ni Tamaki Fusako nake, ni ke duba taurin ƙarfe bayan an gasa shi. Shi kuwa Kuwa-san, kamar yadda muke kiransa, maƙerin naɗi ne. Aikinmu ƙona fatar ƙarafan mota ta yi tauri, cikin ya zauna da laushinsa. Ba ma hura wuta. Bututun jan ƙarfe ake lanƙwasawa ya kewaye ƙarfen ba tare da ya taɓa shi ba, a saki lantarki a ciki, kafin ka ƙirga biyar ƙarfen ya yi jajir. Lanƙwasasshen bututun nan shi muke kira naɗi. Kowane fasalin ƙarfe da irin naɗinsa, kuma Kuwa-san da hannu yake lanƙwasa su. Ya ɗaga ƙarfe ya juya shi sau biyu, shi ke nan. Ido ba mudu ba ya san kima.

Ranar da na fara aiki na manta ban tuɓe zobena ba. Ina matsawa kusa da naɗin na ji yatsana kamar an ɗora masa garwashi. Ya fizge ni baya, ya tsoma hannuna a bokitin ruwa.

"Ke Fusa-chan, gasa yatsa kika zo yi ko aiki?"

"Ai ban taɓa komai ba!"

"Wa ya ce sai kin taɓa? Lantarkin cikin naɗin nan gaba da baya yake yi, sau dubbai kafin ki ƙifta ido. Ƙarfin maganaɗisun da ke kewaye da shi ma haka yake juyawa. Maganaɗisu in yana zaune lafiya ba ruwansa da kowa. Amma da ya fara juyi, duk ƙarfen da ke kusa sai lantarki ya tashi a cikinsa ya yi ta zagaye. Zobenki kuwa hanya ce da ba ta da ƙarshe. Kin gane, ko sai ɗaya hannun ya ɗanɗana?"

Na gane. Tabon yana nan har yau.

Mutum ne mai baƙar magana da taurin kai, amma shi ya koya mini komai. Da matarsa Sumie ta rasu, kwana uku ya yi ya dawo bakin aiki. Ba ɗa, ba jika, ba ya zuwa kamun kifi, ba ya kallon wasan ƙwallo. Ranar Lahadi ma sai ka gan shi ya biyo ta layin da kekensa, wai duba ko an rufe taga. Ni nake ƙara masa gasasshen kifi a kan shinkafarsa da rana, shi kuma ya ce gishiri ya yi yawa, ya cinye tas.

Yana da shekara sittin da uku ya ɗauki hutun mako uku, wai za a yi masa aikin basir. Mun yi masa tsiya har muka gaji. Da ya dawo sai na lura ya daina rataya jaka a kafaɗar hagu. Wata safiya ya tuɓe rigar sanyi, wani ɗan littafi ya faɗo daga aljihu. Na tsince shi. Na san irinsa, mahaifiyata ta riƙe irinsa shekara tara. Shi ake ba wanda aka dasa wa 'yar na'urar nan mai batir a ƙirji, mai tayar da zuciya in ta yi nawa.

Na tare shi a bayan tankin ruwa.

"Kuwa-san, basir ɗin a ƙirji yake?"

"Ba ni kayana."

"Likita ya san irin aikinka?"

"Na ce masa gadi nake yi."

"Gadi! Ka ji min tsoho. Kai da bakinka ka koya mini. Akwai waya daga na'urar nan har cikin zuciyarka. Naɗin zai tayar da lantarki a cikinta, na'urar ta zaci zuciyarka ce ke bugawa da kanta, ta naɗe hannu. Sai mu tsince ka a ƙasa."

"Ina tsayawa nesa, taku biyu."

"Ƙarya kake! Jiya na ga hancinka har yana neman taɓa naɗin."

Haka yake aiki tun yana saurayi. Sabon naɗi ba ya yarda da shi sai ya sunkuya kansa, ƙirji a gaba, ya ga ta inda ja ya fara fitowa a jikin ƙarfen. Sabo turken wawa. Ya ce, "Fusa-chan, zobe ana tuɓewa. Wannan a wane faranti zan ajiye shi? In kika faɗa, kin kashe ni."

"In na yi shiru fa?"

Ya karɓi littafinsa ya koma ciki.

Kwana huɗu na yi da maganar a bakina. Duk lokacin da injin ya yi ƙara sai in saki abin da ke hannuna in waiga. A rana ta huɗu na gan shi ya dafa bango, fuskarsa fara fat, yana ta ƙifta ido. Ya ce santsi ne. Ban ko wanke hannu ba na hau bene wurin mai kamfani, Nishiwaki, na zayyana masa komai.

Nishiwaki ba mugu ba ne, shi ya sa abin ya fi cin rai. Ya sauko da kansa, ya rusuna wa Kuwa-san har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa, ya ce akwai kujera a ofis, ya zo ya riƙa amsa waya. Kuwa-san ya dube shi, ya dubi ma'aikata da suka yi cirko-cirko, sannan ya dube ni. Bai zage ni ba. Da ma ya zaga! Ya rataye safar hannunsa a ƙusarta, ya rusuna wa injin kamar yadda yake yi kowace yamma, ya fita ya hau kekensa. Zoben aurensa da Sumie ya bar shi a faranti.

Na ce mantuwa ce. Ranar Lahadi na naɗe shi a hankici na kai masa gida, har da kifi. Ya buɗe ƙofa kaɗan, sarƙa a maƙale.

"Mayar da shi inda kika gan shi, Tamaki-san," in ji shi. "Ban tashi daga aiki ba tukuna."

Tamaki-san, kamar wata baƙuwa! Ni da na shekara talatin da huɗu ina Fusa-chan. Ya rufe ƙofar a hankali.

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan. Naɗe-naɗensa suna rataye a bango, an auna su an zuba a kwamfuta, sabbin ma'aikata ba su ma san sunan wanda ya yi su ba. Nakan hango shi a bakin kogi a kan benci, hannu a kan gwiwa, yana kallon ruwa. Zuciyarsa na bugawa daidai, likita ma ya ce zai kai casa'in. In na gaishe shi sai ya ɗan sunkuyar da kai, irin gaisuwar da ake yi wa mai kawo wasiƙa.

Mutane suna ce mini na kyauta, na ceci rai. Su riƙe yabonsu, ba na so. Ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina, kuma da za a maimaita da haka zan sake yi. A watan gobe zan yi ritaya. Kowace safiya ina ajiye agogona kusa da zobensa, kuma har yau ban san wanda zan bar wa amanar goge masa ƙura ba.