Aska Biyu a Kan Kaki

Saboda wata yarinya 'yar unguwar Madagascar na shiga 'yan sikawut, ba don son ƙulla igiya ko kafa tanti ba. Tana rukunin 'yan mata, fular ɗin wuyanta kullum a goge. A lokacin na cika kaina da littattafan soyayyar da 'yan kasuwa ke kawowa daga Najeriya, har na gama tsara komai: ranar faretin karɓar sababbi zan tsaya cikin kaki, kafaɗa a miƙe, ta ɗago ido ta gan ni, zukata su ƙarasa sauran. Ko gaisawa ba mu taɓa yi ba.

Shef ɗinmu, wato shugaban rukuninmu, ya raba mana lambar farko, wani ɗan ƙyalle da bai kai tafin hannu ba. Ya ce a ɗinka a kan aljihu, kada a ƙara komai. Na haɗa da rigar na kai wa Baba. Surfani ne sana'arsa a unguwar Briqueterie, har manyan dillalan shanu na kasuwar Etoudi shi ke yi musu rigunan Salla. Ya ɗaga rigar ya duba wuyanta.

"Haka za ka sa ta fayau, kamar ba ka da kowa?"

Na ce haka dokar take. Ya ce to, in bar ta.

Da safen fareti ya miƙo mini ita a naɗe, tana ƙamshin turaren wuta. Lambar na inda aka ce. Amma ya zagaye ta da koren siliki, ya bi wuyan da aiki, ya saukar da aska biyu ƙanana har ƙirji, irin na babbar riga. Aikin mutane ya ture ya yi mini wannan. Yana tsaye yana kallon fuskata, sai na ce, "Ta yi kyau, Baba." Ta kuwa yi kyau. A hanya har na fara raya wa kaina cewa a cikin yara masu kaya iri ɗaya, ni kaɗai idonta zai tsinta.

Tun daga bakin fili aka fara.

"Ango, ina ka baro amaryar?"

"Ku matsa, Alhaji ya iso! Alhaji, ina tsaraba?"

Shef ya bi layi yana duba maɓallai da takalma. Da ya zo kaina ya tsaya, ya sa yatsa ya shafa zaren, ya tambaye ni da Faransanci ko bikin suna aka gayyace ni. Ya fitar da ni daga layi, ya sa ni gadin jakunkuna a gindin mangwaro. Daga can na ga rukunin 'yan mata ya taho. Ta ɗago ido ta gan ni, daidai yadda na tsara. Sai ta ja fular ta toshe baki, kafaɗunta na rawa.

Shef ya ce kada in dawo sai an cire aikin. Da na isa shago Baba ya tsayar da keken ɗinki yana murmushi, yana jiran labari. Na faɗa masa kaina a ƙasa.

"Ba su so ba?" Abin da ya ce ke nan.

Ya sa tabarau, ya ɗauki reza, ya shimfiɗa rigar a cinyarsa. A gabana ya bi ɗinkin yana tsinkewa a hankali don kada ya yanki yadin, yana tara koren zaren a murfin gwangwani. Na rasa inda zan sa idona. Na so in ce ya bari, na so kuma ya yi sauri ya gama.

Zaren ya fita, hujin allura bai fita ba. In rana ta haska, ana ganin siffar askar nan biyu a ƙirjina. Na ƙara lambobi a rigar, na kai ta zangon 'yan sikawut, na wanke ta har ta koɗe, siffar na nan. Duk sanda rukuninsu zai wuce sai in ja fular in rufe wurin, in dubi takalmana. Har yarinyar ta daina zuwa ban ce mata uffan ba.