Tsawar da Na Daka wa Surukina

Na daka wa surukina tsawa a gaban mutanen garinsu, alhali bakina a rufe yake. Ranar ba ta fita daga raina ba. Ku sababbin da kuka zo aiki nan, gara ku ji daga bakina.

Ni direba ne a wannan ofis. Ban yi boko ba. A tasha na tashi. Na yi dako, na yi kwandasta, mota ta kife da ni a hanyar Keana na fito da ƙafata. A tasha ba a magana a hankali, kuma a can muryata ta ginu.

Daminar bara waccan aka fara haɗa manhajar da manomi zai kira motar ɗaukar doya da wayarsa. Ga wanda bai san tsarin ba, ba a jira sai an gama komai. Mako biyu-biyu ake yanka aikin, kowane yanki a kira shi zagaye. Kowace safiya a yi taro a tsaye, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya da abin da ya tare shi. Ƙarshen mako biyun a kai abin da aka haɗa wurin masu amfani da shi, a ga inda za su maƙale. Oga Sule ke jagorantar aikin. Madam Doose ke tsara fuskar manhajar, wato inda kowane maɓalli zai zauna.

Yawancin manoman ba sa karatu, don haka wayar magana take yi. Ana gobe za a fita gwaji aka ga saura magana ɗaya ba a naɗa ba: abin da waya za ta ce idan mutum ya danna ba daidai ba. Mai naɗar muryar ta yi tafiya. Ina wanke mota Madam Doose ta leƙo.

"Tanko, abeg zo. In mutum ya taɓa wurin da ba shi ba, yaya za ka ce masa?"

Na ce, "Kai! Ba nan ba!"

Ofis ya kwashe da dariya. Oga Sule ya ce, "A naɗa haka na wucin gadi, zagaye mai zuwa a gyara." Aka naɗa. Har daɗi na ji, wai muryata ta shiga waya.

Washegari na tuƙa su zuwa Ashige, garin matata Ladi. Mahaifinta ne shugaban manoman doya na wajen. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa kallon idonsa ba, ban taɓa kiran sunansa ba, Baba nake ce masa. Na cire takalmi, na durƙusa na gaishe shi, na koma jikin mota.

Da yake shi ne babba, a wayarsa aka fara saka manhajar, aka ƙure sauti don kowa ya ji. Dokar gwaji ita ce ba a taimakon mutum, kallo kawai ake yi. Maɓallan biyu suna manne da juna, yatsan Baba kuwa na mai riƙe fartanya ne. Ya danna.

"Kai! Ba nan ba!"

Ya sake dannawa.

"Kai! Ba nan ba!"

Wani daga baya ya ce, "La! Ai muryar mijin Ladi ce." Wasu suka toshe baki, wasu ba su toshe ba.

Baba ya kife wayar a kan tabarma. Bai dube ni ba. Ya ce, "Ko ubana bai taɓa ce mini kai a gaban mutane ba." Ya ɗauki wayarsa ya tashi. Manoman suka tashi a bayansa. Gwaji ya watse. Da na koma gida na tarar labari ya riga ni. Ladi ta ajiye mini abinci ta ce, "Kai ka ɓata, kai za ka je. Kar ka sa ni ciki."

Bayan kowane zagaye akan zauna a faɗi abin da ya lalace. Ni a zatona ranar sallamata ce. Na miƙe na ce, "Bakina ne."

Madam Doose ta ce, "Zauna, Tanko. Ni na matse maɓallan. Na gwada da yatsana, ban gwada da nasu ba."

Oga Sule ya ce, "Ni kuma na ce wucin gadi. Babu wucin gadi a hannun mutum."

Sai Madam ta ƙara da cewa, "Kuma waya ba ta isa ta ce wa mutum ya yi kuskure ba. Ita ce ba ta gane shi ba."

Aka raba maɓallan, aka ƙara musu girma. Aka ce in sake naɗa murya, na ƙi. Oga ya ce muryar da ta yi ɓarna ita za ta koma ta gyara. Na shiga ɗakin naɗar murya, na cire takalmi, na durƙusa a gaban abin naɗar kamar Baba ne a zaune. Na ce, "A yi haƙuri, ban gane ba. A sake taɓawa." Babu kai, babu ke. Ita ce kuke ji a manhajar har yau.

Na sayi goro na tafi Ashige ni kaɗai. Baba ya bar ni a durƙushe har ƙafata ta mutu, sannan ya karɓa. Manoman suka dawo. Amma da Madam Doose ta zo saka masa sabuwar, sai ya riƙe wayarsa ya ce, "A saka wa sauran. Tawa kar a taɓa."

Abin da na koya ke nan. Duk kalmar da kuka zuba a waya, wata rana za a faɗa wa uban wani ita a gaban mutanensa.

Har yanzu ni ne direba a nan. Duk zuwana Ashige, ina durƙushe ina gaisuwa sai Baba ya zaro wayar, ya ce wa baƙinsa, "Ku ji surukina," ya danna ba daidai ba da gangan. Ni kuwa kaina a ƙasa, ina jin muryata.