Bindigar Roba a Hannun Maharbi

Wata safiyar Asabar a daminar shekarar 2006, ina ɗan shekara goma, na hau saman benen da muke haya a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou na ƙasar China riƙe da kwanon masara, sai na ji na taka wani abu mai laushi. Na duba, ashe kan tattabara ne. Gangar jikin tana can gindin tankin ruwa, an farke wuyan, ruwan saman asuba ya kwashi jinin ya bi da shi magudana. Na ruga na buɗe kejin da na haɗa da katakon kwalaye da ragar waya, na tarar da gashi ko'ina, manyan a warwatse, 'yan shila kuwa an fasa musu kai an shanye ƙwaƙwalwar an bar sauran. Biyu kaɗai suka tsira, Fara da mijinta Ɗan Toka, saboda sheƙarsu tana cikin wani kwali da na rataye can sama a jikin bango, kuma Fara tana kwance kan ƙwai. Na saki kwanon na kurma ihun da ya fito da maƙwabta ta tagogi.

Sai wanda ya san zamana a garin nan zai gane me tattabarun suke a wurina. Abba yana aikin tura kayan 'yan kasuwa gida ta tashar jiragen ruwa ta Huangpu, fitar safe dawowar magariba. Ni kuwa an saka ni makarantar unguwa, ni kaɗai ne baƙar fata a ajinmu. Na iya yarensu har na fi Abba nesa ba kusa ba, na kuma ƙware a wasan da suke yi a filin makaranta, na wani ɗan abu mai gashin tsuntsu da ake bugawa da gefen ƙafa kada ya taɓa ƙasa. Duk da haka ana tashi kowa ya kama hannun kakarsa ya tafi, wasu su shafa gashin kaina su ruga suna dariya. In na dawo gida na shanya wa Umma wanki a kan sandunan gora, na sayo mata kabeji da citta, na taya Abba liƙe kwalaye, sannan na haye sama. Fara daga kasuwa na ceto ta, a kejin masu sayarwa don miya, tana 'yar shila, da bakina na ciyar da ita. Ita ce take sauka a kafaɗata ba tare da na kira ba, kuma ita kaɗai nake yi wa hira da Hausa a wajen gida.

A makon ne Kawu Sale, yayan Umma, ya sauka a gidanmu. Maharbi ne daga wani ƙauye can wajen iyakar Nijar, dogo, baƙi, marar yawan dariya, kuma yatsu uku ne a hannunsa na dama. Sauran biyun bindigarsa ƙirar maƙera ce ta tafi da su, ranar da ya cika ta da albarushi ya auna kurar da ta addabi garkensa, bututun ya tarwatse a hannunsa, kurar ta wuce da tunkiya a baki. Abba ne ya kawo shi don a duba hannun a asibiti, amma shi Kawu da tasa manufar ya zo. A ƙauye an gaya masa babu abin da ba a sayarwa a China, tun daga allura har injin jirgi, don haka ya ƙudurta ba zai koma ba sai da bindigar kirki.

Shi ya fara isowa wurina da safiyar nan. Bai lallashe ni ba, ko kallona bai yi ba. Ya tsuguna ya riƙa juya gawarwakin ɗaya bayan ɗaya, ya auna ramin haƙoran da tsinken ashana, ya zura yatsa a wata 'yar kafa da ke jikin ragar, ya sunsuna. Ya ce ba kyanwa ba ce, domin kyanwa ɗaya take ɗauka ta tafi, ba kuma ɓera ba ne, wannan ɗan'uwan tunku ne, kuma zai dawo tunda ya san da saura. A nan na fara jin maganar da ya yi ta maimaita mini har ya tafi: “Ni ba na zaɓar bindiga sai na ga aikin dabbar.” Ya zaunar da ni cikin jinin nan ya shiga bayyana mini irin wadda yake nema. Ba ya son mai baki biyu da ke watsa dalma ta raunata rabin daji. Mai sakata yake so, wadda za ka ɗaga sakatar ka ja baya, ka tura harsashi ɗaya ka kulle, domin ita ba ta tarwatsewa, kuma mai harsashi ɗaya dole ya natsu kafin ya taɓa kunama. Ƙaramin harsashi mai gudu na dila ne da gafiya da tunku, mai nauyi na kura. Gindin kuma ya zauna daram a kafaɗa kamar don kai aka sassaƙa shi. Ya rufe da cewa, “Bindigar da ba za ta kashe nan take ba, zalunci ce ɗaukarta.”

Washegari na zama tafintansa. Muka bi shagunan ƙarafa da na kayan kamun kifi da na fitilu, shi yana kwatanta jan sakata da hannu, ni ina fassarawa bilhaƙƙi, don a raina bindigar nan ta ceton Fara ce. Ko'ina amsa ɗaya ce, “Meyo, meyo,” wato babu. Wani mai shago ya ɗauka wasa ne ya kawo mana shayi, wani kuwa fuskarsa ta yi fari fat ya kore mu da tsintsiya. Da labari ya kai kunnen Abba, ranar na ga ɓacin ransa. Ya ce, “Haba Yaya Sale! Ƙasar nan ko harsashi ɗaya aka kama ka da shi sai kurkuku. So kake a kwashe mu gaba ɗaya?” Kawu ya daɗe yana kallon guntun hannunsa, ni kuma tausayinsa ya kama ni.

Abin da muka samu a ƙarshe, a kasuwar sarin kayan wasan yara muka same shi. Bindigogin roba ne jere a bango, masu harba 'yan ƙwallayen roba kamar ƙwayar wake. Na nuna wata mai fitila da ke zubo su kamar ruwa, Kawu ya ture hannuna. Ya sa aka sauko masa da duk masu sakata, ya riƙa ɗora su a kafaɗa yana runtse ido, yana leƙa bututun ko ya miƙe, yana saurarar ƙarar sakatar, mai shagon na ta ƙunshe dariya. Wadda ya zaɓa ya gwada ta a jikin kwali, ta huda shi da kyar. Ya miƙo mini ya ce ta koyon saiti ce a jikin gwangwani, kada in kuskura in nuna ta ga mai rai.

Muka toshe kafar ragar, Kawu ya ɗana tarkon waya da kan kifi. Dabbar ta zo ta cinye kifin ta bar masa tarkonsa. Bayan 'yan kwanaki, mun idar da sallar asuba gari ya yi haske, muka hau sama ina riƙe da bindigata zan harbi gwangwanaye. Tun daga matakala muka ji fuka-fuki na dukan kwali. Ga ɗan'uwan tunkun nan, siriri, ja-ja kamar kunun kanwa, ya ɓullo ta wata sabuwar kafa a saman kejin, ya cafki Fara a gindin wuya yana jan ta waje, ita kuwa ta ƙi sakin bakin sheƙar. Kejin a kulle yake, makullin yana ƙasa a aljihun wandona na makaranta. Na yi ihu, “Kawu, zai kashe ta! Kawu!” Ya kalle ni sau ɗaya, ya fizge bindigar, ya ja sakatar da yatsunsa uku, ya harba ta cikin raga.

Saitinsa bai kuskure ba, kuma wannan ne mugun abin. Ƙwallon ya shige idon dabbar ya fasa shi, amma bai kashe ta ba. Ta saki wata irin ƙara da har yau nake ji a kunnena, ta faɗo cikin kejin tare da Fara, tana birgima tana cizon duk abin da bakinta ya samu, ta yage mata ƙirji har na hango abin da ke ciki yana motsi. Kawu ya yi jifa da bindigar, ya sa ƙafa ya ɓalle ƙofar, ya zura hannunsa mai rauni ya damƙo ta. Ta kafa masa haƙora a tsakanin yatsu ta ƙi saki, ta kuma saki wani wari da ya sa na yi amai a tsaye. Ya maka ta da bango, ya sake makawa, jininsa da nata suna fallatsa mini a riga, sai da kanta ya fashe sannan haƙoran suka saki. Fara tana ƙasa tana jan fiffike ɗaya, tana buɗe baki. Ya ɗauke ta ya duba, ya zaro wuƙarsa, ya fuskanci gabas ya yi bisimilla ya yanka ta a gabana. Na riƙa dukansa da hannu bibbiyu ina cewa na tsane shi, bai hana ni ba. Da na gaji, ya ɗauki bindigar ya karya ta a gwiwarsa, ya ce, “Na san ba za ta kashe ba, kukanka ne ya sa na harba.”

Kwana biyu ban yi masa magana ba. A rana ta uku na hau sama na tarar da shi zaune da hannu a naɗe, an yi masa allurai, yana kallon kwalin nan. Ɗan Toka ne kwance a kan ƙwan nan biyu shi kaɗai. Ɗaya ya lalace, ɗaya ya ƙyanƙyashe, kuma da uban ya kasa ciyar da shi, Kawu ne ya riƙa tauna masara yana ɗura masa baki da baki. Gashin ɗan shilar ya fara fitowa fari ranar da muka raka Kawu filin jirgi. Ya koma gida babu bindiga, sai wata babbar fitila da tabon haƙora.

Yanzu na dawo gida, ni ke riƙe da garken Kawu, shi kuwa ya daɗe da rasuwa. Ina da bindiga mai sakata da lasisinta, na zaɓe ta daidai da duk abin da ya faɗa, ta zauna mini a kafaɗa daram. Sai dai dajin ya zama gonaki, kura ta ƙaura, dila ma sai jefi-jefi, don haka yawanci a rataye take. Nakan sauko da ita in share, in ja sakatar in saurari ƙararta, in tuna shi a shagon kayan wasa yana runtse ido ana yi masa dariya. Da ma ya ɗora wannan a kafaɗarsa ko sau ɗaya ne.