Mai Lif da Akwatin Zamani

A cikin lif ɗin wani dogon benen ofisoshi nake ganinsa, zaune kan 'yar kujerar roba, gwiwoyinsa na gogar ƙofa. Dattijo ne siriri, rigar aikin ta yi masa yawa, yatsansa har ya yi kanta saboda danna maɓalli. A hannun hagu yana riƙe da waya mai tsagaggen gilashi, kuma kullum abu ɗaya yake kallo: wani kashi na shirin talabijin, inda wata mata ke shiga akwatin ƙarfe, ta danna, ƙofa ta buɗe mata a wata shekara daban.

Sabis ba ya shiga lif. Wannan kashin da ya ce 'yarsa ta tura masa, shi kaɗai gare shi. Leɓunansa har riga matar suke yi wajen faɗin maganarta.

"Baba, ba ka gajiya da shi?" na tambaye shi.

"Haba ɗana, wannan ai ba a gajiya da shi! Dubi nan. Ta koma ta tarar da kanta tana yarinya, kallonta kawai ta yi. Wallahi wanda ya tsara wannan ya san duniya."

Ina jin shi ma akwai saurayin da yake son komawa ya kalla, wato shi kansa tun kafin a miƙa masa rigar nan.

Lif ya tsaya. Ya ɗago kai da sauri, kamar yau abin zai bambanta. Ƙofa ta buɗe kan barandar jiya, da kwandon sharar jiya.

"Hawa na nawa, Hajiya?" ya ce da mai shigowa.